The Epic na Kamasi Washington: Gado ne ko Kayan Aro?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau za mu tsallaka teku zuwa birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a Amurka, mu yi wa wani kundin kiɗa shari'a. Sunan kundin The Epic, mai shi kuma Kamasi Washington, baƙar fata mai busa saksofon, wato ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ake busawa kamar algaita. Kundin ya fito ranar 5 ga watan Mayu, 2015. Faifai uku ne, waƙoƙi 17, tsawonsa ya kusa awa uku. Da ya fito mutane sun rabu gida biyu. Wasu suka ce ga wanda ya ceto kiɗan jaz daga mutuwa. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe suna sauraren jaz, suka ce babu wani sabon abu a ciki, kiɗan shekarun 1960 da 1970 ne aka wanke aka goge aka sake kawowa kasuwa. Tambayata a yau ita ce: idan matashi ya ɗauki salon magabata ya gina aikinsa a kai, da wane ma'auni za mu auna shi? Yaushe ne abin yake zama gado, yaushe yake zama kayan aro, wanda Bahaushe ya ce ba ya rufe katara?

Ba za a iya wannan shari'a ba sai an koma tarihi, don haka ku gyara zama.

Mu fara da abin da masu suka suke ji a kunnensu, domin gaskiya suna jin wani abu. Ka kunna waƙar farko, Change of the Guard. Tun daƙiƙun farko fiyano zai shigo da duka mai nauyi, kamar ana kafa turaku. Duk wanda ya san jaz zai ce maka wannan hannun McCoy Tyner ne, mai fiyanon John Coltrane. Shi Coltrane shi ne babban limamin wannan salo. Ranar 9 ga Disamba, 1964, shi da mutum uku, Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones, suka shiga situdiyo a New Jersey suka naɗi A Love Supreme a zama ɗaya. Minti 33 ne kacal, kuma ya yi shi ne a matsayin godiya ga Ubangiji bayan ya rabu da shan miyagun ƙwayoyi. Abin da ya bambanta wannan salo shi ne, maimakon makaɗi ya yi ta tsalle daga wannan sauti zuwa wancan cikin gaggawa, sai a kafa gajeren kiɗa guda a yi ta maimaita shi a ƙasa, mai busa kuma ya hau kai yana ƙirƙira nan take, yana hawa yana hawa har ƙahon ya koma kamar kukan mutum.

Coltrane ya rasu a watan Yuli na 1967 yana da shekara 40. Waɗanda ya bari suka ci gaba. Pharoah Sanders, wanda ya yi busa tare da shi, ya fitar da Karma a 1969, kuma waƙa guda a ciki ta wuce rabin awa, da ƙararrawa da kacau-kacau da muryar Leon Thomas. Matarsa Alice Coltrane ta fitar da Journey in Satchidananda a 1971. Wannan shi ne abin da daga baya aka riƙa kira jaz na ruhi. Idan ka ji Kamasi ya kai ƙololuwar busa, sautin ya tsage ya yi ƙara kamar zai fasa ƙahon, to Pharoah Sanders kake ji. Hatta tarin 'yan amshi da suka cika kundin ba shi ya fara ba. Max Roach ya haɗa jaz da rukunin mawaƙa a It's Time tun 1962, Donald Byrd ma ya yi a A New Perspective jim kaɗan bayan haka. Ke nan idan mai suka ya ce maka ya taɓa jin duk wannan, ba ƙarya ya yi ba.

To amma a nan ne nake rabuwa da su. A kiɗan jaz, ɗaukar na wani ka gina naka a kai ba laifi ba ne, da shi aka gina gidan gaba ɗaya. Bari in ba ku misali daga cikin kundin kansa. A faifai na uku akwai waƙa mai suna Cherokee. Wani Bature ɗan Ingila, Ray Noble, shi ya tsara ta a 1938. Charlie Parker, mutumin da ake ɗauka a matsayin wanda ya fi kowa sauya jaz, ya yi shekaru yana horar da kansa a kan wannan waƙa, sannan a watan Nuwamba na 1945 ya cire mata launin waƙarta, ya bar ƙashin bayanta, ya ɗora sabon kiɗa mai tsananin gudu ya kira shi Ko-Ko. Ko-Ko na cikin faifan da suka buɗe zamanin salon bibop. Ka ga juyin juya hali sukutum, amma a kan harsashin wani aka gina shi. Haka waƙar George Gershwin ta 1930, I Got Rhythm: makaɗan jaz sun ɗora sababbin waƙoƙi masu tarin yawa a kan ƙashin bayanta, har tsarin ya samu sunan kansa a wajensu, kuma wannan suna ne Kamasi ya yi wasa da shi da ya raɗa wa wata waƙarsa The Rhythm Changes. Saboda haka tambayar "ya ara ko bai ara ba" ba ta da amfani. Kowa ya ara.

Ni ma'aunina uku ne. Na ɗaya, a ina ka samo, kuma ka zauna ka koya ko wucewa ka yi ka tsinta? Na biyu, ka faɗi sunan masu shi? Na uku, da ka karɓa, ina ka kai shi?

Mu ɗauki na ɗaya. Yawancin masu rubuta tarihin jaz suna bin hanya guda: New Orleans, Chicago, Kansas City, New York. Los Angeles sai dai a ambace ta a gefe. Alhali a shekarun 1940 akwai wani titi a birnin mai suna Central Avenue wanda ba ya barci. Dokokin sayar da gidaje na lokacin sun hana baƙar fata zama a yawancin unguwanni, sai aka cunkushe su a wannan yanki, kuma a nan otal ɗin Dunbar da gidan rawa na Club Alabam suke. Wariya ta kai har ƙungiyar makaɗa biyu ce a birnin, ta farare daban ta baƙaƙe daban, sai 1953 aka haɗe su. Daga wannan gari Dexter Gordon da Eric Dolphy suka fito, Charles Mingus a unguwar Watts ya tashi, Ornette Coleman a nan ya naɗi kundinsa na farko a 1958. Sai dai kusan duk wanda ya yi suna, New York ya tafi.

Mutum guda ya yi akasin haka. Horace Tapscott yana yawon kiɗa da ƙungiyar Lionel Hampton, aiki mai kyau da albashi, sai ya ajiye ya dawo unguwa. A 1961 ya kafa ƙungiyar da daga baya aka sani da Pan Afrikan Peoples Arkestra. Suna kiɗa a coci, a makarantu, a filayen shaƙatawa, a gidajen yari, sau da yawa kyauta, suna koya wa yara. A watan Agusta na 1965 unguwar Watts ta kama da wuta bayan 'yan sanda sun tare wani matashi baƙar fata a mota. Kwana shida ana tarzoma, mutum 34 suka mutu. Tapscott da mutanensa suna nan kafin tarzomar, suna nan bayanta. Tsarinsu shi ne babbar ƙungiya, masu ganga fiye da ɗaya, mawaƙa, masu karanta waƙoƙin baka, kiɗa mai tsawo da ake yi wa jama'ar unguwa. Ku riƙe wannan siffa, za ku sake ganinta.

A 1989 mai ganga Billy Higgins, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi naɗar kiɗansu a tarihin jaz, shi da mawaƙi Kamau Daáood suka buɗe wani ɗan ƙaramin shago a unguwar Leimert Park suka kira shi World Stage. Yaro zai shigo da ƙahonsa ya zauna kusa da dattijon da ya yi kiɗa da Ornette Coleman. Kamasi Washington an haife shi a 1981, ya tashi a Inglewood, mahaifinsa Rickey Washington shi ma mai busa ne kuma malamin kiɗa. Yana ɗan shekara 11 aka yi tarzomar 1992 bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. A Leimert Park ya yi ƙuruciyar kiɗansa. Ya shiga ƙungiyar ɗalibai da malami Reggie Andrews ya haɗa a makarantar Locke da ke Watts, ya karanci nazarin kiɗan al'ummu a jami'ar UCLA, ya yi aiki a babbar ƙungiyar dattijo Gerald Wilson. Kuma ɗaya daga cikin muryoyin da ke cikin The Epic, Dwight Trible, shi ne ya taɓa jagorantar mawaƙan ƙungiyar Tapscott. Kun ga silsilar? Hannu da hannu abin ya zo. Wannan ba yaron da ya tsinci tsohon faifai a intanet ya kwaikwaya ba ne. Bahaushe ya ce na gada ya fi na koya. Shi ya gada kuma ya koya.

Wannan ɗabi'a ta zuwa ka durƙusa a gaban masu abu tsohuwa ce a jaz, har ta taɓa iso mu. Yusef Lateef, mai busa ɗan Detroit wanda ya shigo da sautukan Gabas cikin jaz tun shekarun 1950, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Ya haura shekara sittin, duniya ta san shi, amma ya zo ya zama ɗalibi. A ma'auni na ɗaya ina sa Kamasi a wannan layi, kuma ya ci.

Ma'auni na biyu: faɗin sunan masu kaya. A nan ma ba a yi ɓoye-ɓoye ba. Faifai na uku sunansa The Historic Repetition, wato maimaituwar tarihi. Da bakinsa ya faɗa maka abin da yake yi. A cikinsa ya sa Cherokee, ya sa Clair de Lune ta Claude Debussy ɗan Faransa, ya sa Malcolm's Theme, wadda kiɗanta na Terence Blanchard ne, mutumin da ya yi kiɗan fim ɗin Malcolm X na Spike Lee a 1992. Kalmomin waƙar kuma daga jawabin ta'aziyyar da Ossie Davis ya yi ne a jana'izar Malcolm, bayan an harbe shi a New York ranar 21 ga Fabrairu, 1965, kuma ana jin muryar Malcolm ɗin kansa a ciki. Har kamfanin da ya fitar da kundin yana da alaƙa da wannan zuri'a: Brainfeeder na Flying Lotus ne, wanda kakarsa 'yar'uwar Alice Coltrane ce. Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a jikin buhu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi: wane ɓangare na tarihi ya zaɓa ya tono? A shekarun 1980 an yi wani yunƙurin komawa ga tushe a ƙarƙashin Wynton Marsalis, gwanin ƙaho ɗan New Orleans. Su ma magabata suka koma wa, amma sun fi ɗaukaka Louis Armstrong da Duke Ellington da jaz na kafin tsakiyar shekarun 1960, a sa kwat a ɗaura lakataye a yi kiɗa a manyan zauruka. Kiɗan ƙarshen shekarun 1960 da na 1970, mai ihu, mai kayan lantarki, mai siyasar baƙar fata, sai aka riƙa kallonsa kamar ɓata hanya. Dogon shirin talabijin na Ken Burns kan tarihin jaz, wanda aka nuna a 2001, kashi goma ne, kusan awa 19, amma duk abin da ya faru daga 1961 zuwa gaba a kashi ɗaya na ƙarshe aka cusa shi. Ke nan Kamasi ya shiga ɗakin da masu rubuta tarihi suka kulle ne ya buɗe taga. Zaɓen abin da za ka tuna shi ma matsaya ce.

Saura na uku, kuma shi ne mai wuya: ina ya kai shi?

Akwai abin da ya ƙara, kuma a ƙasa yake, wajen ganguna da bas. Kundin yana da masu ganga biyu, Ronald Bruner Jr. da Tony Austin, da masu bas biyu, Miles Mosley da Thundercat, ga Cameron Graves a fiyano da Brandon Coleman a kayan lantarki. Yawancin waɗannan tun suna yara suka san juna, kuma sun ci abinci da kiɗan coci da fank da hip-hop. Kamasi kansa ya yi yawon kiɗa da Snoop Dogg. Saboda haka bugun da ke ƙarƙashin busar ba irin na Elvin Jones ba ne. Yana da nauyin da kunnen wanda ya tashi da hip-hop yake ganewa nan take. A watan Disamba na 2011 suka haɗa kuɗi suka kama situdiyo wata guda cur, kowa yana yi wa kowa kiɗa, suka naɗi waƙoƙi kusan 190, daga cikin rabonsa ya zaɓi 17. Ana jin wannan sabo a kunne. Ku saurari yadda ya yi da Cherokee: waƙar da makaɗa suka mayar filin tsere don nuna gudu, shi ya rage mata gudu, ya ba Patrice Quinn ta rera ta cikin natsuwa. Wannan ra'ayi ne nasa, ba kwafi ba.

Sai kuma lokaci. A watan Maris na 2015 Kendrick Lamar ya fitar da To Pimp a Butterfly, wanda Kamasi da Thundercat suka yi aiki a cikinsa. A Agustan 2014 ɗan sanda ya harbe Michael Brown a Ferguson. A Afrilun 2015 Freddie Gray ya mutu bayan raunin da ya samu a hannun 'yan sandan Baltimore, birnin ya rikice. Bayan 'yan kwanaki The Epic ya fito da muryar Malcolm X a ciki. Kiɗan da aka yi wa zamanin Watts ya dawo ya tarar da matsalar da ta haife shi tana nan da ranta. Idan ciwon bai warke ba, ba abin mamaki ba ne a koma wa tsohuwar zuma. Kuma a lokacin da jaz bai kai kashi 2 cikin 100 na kiɗan da ake saye da saurare a Amurka ba, wannan mutum ya tara matasa a tsaye suna sauraren busa ta minti goma sha, har ya hau dandalin bikin Coachella a 2016.

To amma yabon gwani ba ya hana a faɗa masa gaskiya. A kunnena kundin yana da rauni uku. Na farko, busar Kamasi kusan hanya guda take bi: ya fara a hankali, ya riƙe gajeren sauti yana maimaitawa, ya hau, ya fashe da ihu, 'yan amshi su rufa masa baya. Karo na farko tsigar jikinka za ta tashi. A karo na takwas ka riga ka san inda za a sauka. Coltrane idan ya hau, ba ka san inda zai kai ka ba, wani lokaci kamar shi ma bai sani ba, kuma wannan haɗarin shi ne ran kiɗan. Na biyu, tarin masu goge da 'yan amshi, waɗanda aka tallata cewa sun kai 32 da 20, sau da yawa suna cika wurin da ya kamata a bar shi fili. Suna faɗa maka "ga wurin da za ka ji shauƙi" tun kafin kiɗan ya jawo shauƙin da kansa. Na uku, tsawon. A Love Supreme minti 33 ne, babu abin da za ka cire. The Epic ya ninka shi sau biyar, kuma da an tace shi ya koma faifai ɗaya da rabi da ya fi ƙarfi. Kama da wane ba ta wane.

Hukuncina ke nan: The Epic gado ne na halak, kundi ne mai kyau ƙwarai, amma bai buɗe sabon babi a harshen jaz ba kamar yadda Parker ko Coltrane ko Ornette Coleman suka yi. Abin da ya sabunta shi ne bugun da ke ƙasa da kuma jama'ar da ke saurare. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne kan masu cewa ya ceto jaz. Ceto daga wa? A 2015 Pharoah Sanders yana raye yana busa, sai 2022 ya rasu, kuma shekara guda kafin rasuwarsa ya fitar da Promises. A lokacin Wayne Shorter ma yana raye yana fitar da sabon aiki. Ƙungiyar Tapscott ta ci gaba bayan rasuwarsa a 1999. World Stage a buɗe yake. Kiɗan bai mutu ba, kyamara ce ta juya baya. Duk lokacin da aka naɗa mutum guda a matsayin mai ceto, an share sunan waɗanda suka yi shekara hamsin suna hura wutar ba tare da an ɗauki hotonsu ba. Mu matasa muna yawan faɗawa wannan rami, a kiɗa da ma a gwagwarmaya: abin da muka fara gani sai mu ɗauka da mu ya fara. Ɗaya ramin kuma na masu taƙama da sani ne, waɗanda da sun gano tushen abu sai su yi watsi da shi, kamar gano mahaifin mutum ya isa hujjar cewa ɗan ba kowa ba ne.

Ga aikin gida. Kada ku yarda da ni haka kawai. Ku fara da A Love Supreme, rabin awa ne. Ku bi shi da Karma na Pharoah Sanders. Ku nemi duk abin da kuka samu na Horace Tapscott. Sannan ku kunna faifai na farko na The Epic, ku sa kunne a kan ganguna biyun nan, ku ji inda suka bi tsohuwar hanya da inda suka kauce. Daga nan sai ku saurari Ko-Ko na Charlie Parker da Cherokee na Kamasi a jere, ku ji yadda waƙa ɗaya ta zama abu biyu a hannun mutum biyu da shekara 70 ta raba.

Idan kun gama, ku faɗa mini ko hukuncina ya yi tsauri ko ya yi sassauci, musamman kan maganar tsawon kundin, don na san akwai waɗanda za su ce awa ukun ma ba ta ishe su ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.